Sitiyarin Baba Abimbola

Duk Bagudo babu wanda bai san tsohuwar Fijo 404 da ke kwance ƙarƙashin rumfar kwano a gidan Baba Abimbola ba. Yaran unguwa sun buɗe ido sun same ta a nan, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaji na zuba ƙwai a kujerar baya. Da ita Baba ya shigo garin daga Ogbomosho yana saurayi, cike da kayan koli, tun zamanin da motoci ke bin hannun hagu. Shi ya sa sitiyarinta yake dama. Da gwamnati ta sauya hannu, masu irinta suka yi ta kaiwa ana mayar musu da sitiyari hagu, wasu suka sayar suka huta. Baba ya ce shi bai ga dalili ba, titi aka sauya, ba motarsa ba. Haka ya ci gaba da tuƙa abarsa shekara da shekaru, yana zaune ta gefen kwata, har ranar da sitiyarin ya cije a hanyar Bahindi ya ƙi juyawa. Da ƙyar aka jawo ta gida, aka ce sai bayan damina a gyara. Har yau daminar ba ta wuce ba.

Ɗansa Bamidele, wanda kowa ke kira Dele, a Bagudo aka yanke cibiyarsa, kuma in ka ji Hausarsa daga bayan katanga sai ka rantse ɗan ƙasa ne, mutumin Sharabi. Yana da shagon fenti da ƙusa a bakin kasuwa. Ya ba hamsin baya, mutum mai sanyin hali, irin wanda in abu ya ɗaure masa kai sai ya cire hula ya leƙa cikinta, ya mayar. 'Yan shekarun nan kuwa hular ta sha leƙe, domin tsufa ya taɓa Baba a ka. Ya fara da manta inda ya ajiye takalmi, ya manta hanyar coci, ya manta cewa matarsa ta rasu. Daga ƙarshe ya manta Dele.

"Malam" yake ce masa yanzu. Da Hausa ma yake yi masa magana, cikin ladabi, yadda yake yi wa baƙo a shago. Yarbancin gida ya ajiye shi, sai in yana hira da waɗanda suka riga mu. Abin yana cin Dele ba kaɗan ba. Kai ka yi wa mutum wanka, ka yanke masa farce, ka ba shi koko a baki, ya ɗago ya dube ka ya ce, "Na gode, Malam, a gaida mutanen gida." Wane gida kuma? Sai Dele ya ce za su ji, ya zagaya bayan ɗaki ya tsaya yana kallon bango.

Abu ɗaya ne bai ɓace wa Baba ba. Kullum in ya sha koko sai ya dogara sanda har rumfar, ya buɗe ƙofar dama, ya kori kaji, ya zauna ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Nan zai yini, fuska a sake, wani lokaci har yana leƙa madubi. In an kira shi cin abinci ya fito, ya rufe ƙofa a hankali.

Na'Allah ne ya jawo komai. Maƙwabcinsu ne, abokin Dele tun suna wasan ƙasa, manomin albasa da shinkafa wanda, saboda yana iya kwance injin ban ruwansa ya mayar, ya naɗa wa kansa sarautar kanikanci. Wata rana ya shigo ɗauke da batir da ya karɓo daga caji, ya ga Baba zaune a mota, sai neman magana ya motsa masa. Ya ɗaga banet, ya kankare wayoyi da wuƙa, ya ɗaura. Hannun Baba kuwa na kan oda. Kai! Fijo ta saki wani shaƙaƙƙen kuka kamar na tsohon jaki, kaji suka watse. Baba ya miƙe zaune cak, ya leƙo ta taga, ya dubi Dele ido cikin ido, ya daka masa tsawa da Yarbanci: Dele, shiga baya mana, mun makara coci!

Dele ya saki bokitin da ke hannunsa. Kafin ya ƙarasa jikin motar abin ya wuce. "Malam, lafiya?" in ji Baba. Na'Allah ya yi ta danna odar har batir ya yi sanyi, amma ko gezau. Sai dai Dele ya ji da kunnensa, kuma tun daga ranar wani tunani ya shige masa kai ya ƙi fita. In oda kaɗai ta dawo masa da uba na ɗan lokaci, to ina ga inji ya tashi? Ina ga mota ta yi tafiya?

Cikin makon nan yayarsa Titilope ta bugo waya daga Ilori.

"Dele, na gama magana. Da bikin Ista zan zo in tafi da Baba. Nan ga asibiti kusa, ga dangi."

"Anti Titi, nan ne gidansa. Nan aka binne Mama."

"Gidan da yake ce maka Malam? Mutumin da bai san ka ba, bai san inda yake ba, ina ruwansa da Bagudo ko Ilori?"

"Ya san ni. Shekaranjiya ya kira sunana."

Ta ja numfashi. "To, shi ke nan. In na zo ya kira ka Dele a gabana, na bar maka shi. In ba haka ba, ka haɗa masa kaya."

Titilope ba ta magana biyu, kuma ita ce babba. Ista kuwa ba ta da nisa, har an fara azumi a coci. Washegari Dele ya bar wa matarsa Ifeoluwa shago, ya kira Na'Allah, suka ɗaga banet da niyyar gaske.

Tabɗi! Abin da suka tarar a ciki ya fi kama da unguwa. Zanzaro ya yi gini a kafireto, ɓeraye sun cinye wayoyi sun bar 'ya'ya, lagireto kuwa in ka zuba ruwa ta sama sai ya jiƙa maka ƙafa. Suka ɗora motar a kan bulo, suka ciro inji da sarƙa ta reshen mangwaro, suka baje shi a kan buhuna. Dele ya wanke kowane ƙarfe da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Na'Allah na ba da umarni. In sun haɗa abu suka ga ƙusa ta yi saura, sai ya ce ai Bature ne da ɓarna, ya jefa ta aljihu. Dele ya bi bayansa ya zaro, su sake kwancewa. Ifeoluwa ta dawo daga shago ta tarar da tukunyar miyarta cike da fulogi, ta ɗaga murya har maƙwabta suka ji, tana kiran Dele da sunan ɗansu: "Baban Dolapo, mota za mu ci a gidan nan?"

Duk wannan hidima Baba na zaune a mazauninsa, motar na kan bulo ba taya ba inji, shi kuwa hannu a kan sitiyari. In sun ɗaga gefe ɗaya ya karkata, in sun sauke ya daidaita. Wani lokaci ya leƙo ya ce musu, "Sannunku da aiki, bayin Allah." Da inji ya koma mazauninsa ya fara tari, Dele ya hana a tayar da shi in Baba na gida. Ɓoye masa ƙarar yake yi, yadda ake ɓoye naman biki kada ya ƙare kafin baƙi su iso.

Saura ciwon asali. A ƙarƙashin motar akwai wata doguwar sandar ƙarfe mai haƙora, ita ke tura tayoyin gaba hagu ko dama in an murza sitiyari. Makanikai rak suke ce mata. Da suka ciro na Baba suka ga haƙoran sun gutsure, tsatsa ta cinye sauran, gidansa ma ya tsage. Amma cire shi ya yi wani amfani da ba su zata ba: sitiyarin da ya shekara da shekaru a cije ya saki, yana juyawa fayau tunda ba abin da ke riƙe da shi. Zo ka ga murna wurin Baba! Ya yini yana murzawa, yana shan kwana, yana ɗaga wa kaji hannu. Dele ya tsaya yana kallo, ya ce a ransa, wannan ma somin taɓi ne, bari ta tashi.

Suka tambaya a Koko, suka tambaya a Kamba, kowa ya ce irin wannan ƙarfe sai ƙasar Benin, can ne tsofaffin Fijo ke zuwa mutuwa. Suka naɗe matacce a buhu, suka hau babur ɗin Na'Allah da sassafe, suka haye gadar Tuga, suka wuce Ka'oje da Tsamiya, rana na tsaka suka shiga Segbana. Aka nuna musu gidan wani dattijo, Maliki, wanda bayan gidansa gawarwakin Fijo ne jere, awaki na hawa suna sauka. Maliki na jin Dandanci da Faransanci da Hausa, kuma duk ukun yake zubawa a jimla ɗaya. Dele ya yi ta gyaɗa kai, rabin maganar na wuce shi.

Maliki ya dubi abin da ke buhu, ya shige ƙarƙashin wata gawa, can ya fito da rak lafiyayye, haƙora reras, gires ɗinsa ma bai bushe ba. Aka jera su a ƙasa. Tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Sai dai wuyan da sandar sitiyari ke shiga, na Baba yana wannan gefe, na Maliki yana wancan.

"Malam Maliki, wannan wuyan fa?" in ji Dele.

"Haka suke duka. Naku ne a karkace. Tun da nake ban taɓa ganin Fijo mai sitiyari a dama ba. Nan ƙasar ba mu taɓa bin hagu ba."

Dele ya cire hula ya leƙa. Na'Allah kuwa ya tsuguna, ya ɗauki sabon ya kifa shi, kai ya koma gindi, sai ga wuya ya dawo dama daidai da na Baba. Ya ɗago yana washe baki.

"Ka gani? Mi ad da wuya ga wanga? Juya shi za mu yi, shi ke nan. Dele, kai dai kana son wahal da kanka."

Maliki ya ɗaga kafaɗa, ya ce ƙarfe ne, ku kuka san motarku. Suka ɗaure shi a bayan babur suka kamo hanya, Na'Allah na ta ba da labarin basirarsa har Bagudo.

Ya kuwa shiga. Sai da suka huda sabbin ramuka, suka ɗan lanƙwasa wani ƙarfe da guduma, amma ya zauna daram. Suka sa tayoyi, suka sauke ta daga bulo. Ranar da Ifeoluwa ta kai Baba asibiti awon jini, suka ce yau ce ranar gwaji. Bayan gidan akwai fili. Ta hagu hanya ce mai fita titi, ta dama kuwa rumbun albasar Na'Allah ne, sabon ɗauri, cike da amfanin bana. Dele ya shiga mazaunin ubansa, ya murza makulli. Fijo ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama. Mutanen unguwa suka fito, mata na guɗa daga bakin zaure. Ya sa giya, ya saki kuloci, motar da aka haifi mutane aka aurar da su tana kwance ta taka ƙasa da tayoyinta.

Da ya zo bakin fili ya murza sitiyari hagu. Mota ta yi dama.

Ya ɗauka idonsa ne. Ya ƙara murzawa hagu da ƙarfi, ita kuma ta ƙara yin dama da biyayya. Na'Allah da ke zaune kusa da shi ya fara ihu, "Hagu! Hagu, Dele!" Dele ya ce, "Hagun nake yi!" Ya taka birki, birki ya nutse har ƙasa yana neman a yi masa famfo. A hankali, ba gaggawa, kamar mai zuwa gaisuwa, Fijo ta tafi ta sa hanci a cikin rumbun. Ƙafafun rumbu suka durƙusa, jinka ta zauna a kan banet, albasa ta yi ta gangarowa har bakin kwata.

Kowa ya buɗe baki lokaci ɗaya. Wata tsohuwa ta ce motar da ta daɗe haka a kwance ai ba ta rasa masu haya, kuma ba a sallame su ba aka tashe su. Wani ya ce fushi take yi. Na'Allah ya fito yana karkaɗe ɓawon albasa daga gemu, ya ce babu wani aljani, Dele ne bai san hagunsa daga damansa ba tun suna firamare. Ya ture shi ya karɓi sitiyari, ya ja da baya, ya nufi hanya da ƙwarewa irin ta masana. Ya murza hagu. Randar Ifeoluwa da ke can dama, wadda ba ta tsare wa kowa komai ba, ita ta tafi. Na'Allah ya kashe mota ya fito.

Suka ɗaga gaban da jak. Na'Allah ya kwanta a ƙasa, Dele na sama.

"Juya hagu."

"Na juya."

"Hagunka ko haguna?"

"Ai hagu ɗaya ne, Na'Allah!"

"To ni nan dama ta tahi."

Suka yi musanya, Dele ya kwanta, Na'Allah ya murza. Suka ɗaura wa taya tsumma don kada su rikice, suka rikice duk da haka. Sai da la'asar ta yi sanyi sannan abin ya faɗo musu, shi ma a guntu-guntu. Kifa rak ɗin da suka yi ya sa ɗan haƙorin da ke cizon sandar daga sama ya koma cizo daga ƙasa, don haka duk inda ka tura, baya yake turawa. Na'Allah ya daɗe yana kallon albasarsa, sannan ya ce to ai da sauƙi, sai Dele ya koyi tuƙa ta haka, in yana son hagu ya yi dama. Wallahi sai da Dele ya tsaya ya auna maganar, don ya kai inda kowace shawara kama da hankali take masa. Da ya tuna Baba ne zai zauna a ciki, ya ce a'a.

Suka bugo wa Maliki waya. Ya ce ya tambaya har Kandi da Faraku, babu mai irin na dama, kuma kada su ɓata man babur. Ista ta matso, har Titilope ta aiko cewa ta sami motar da za ta kawo ta. Hanya ɗaya ta rage, kuma Na'Allah ne ya faɗe ta: a mayar da rak yadda Bature ya yi shi, a ɗauke sitiyari da feda da agogon gudu a kai su hagu, kamar kowace mota.

"Abin da Baba ya ƙi ke nan tun kafin a haife ni," in ji Dele.

"Wancan Baban daban. Wanga na yanzu mi ya sani ga hagu da dama? Ƙara yaj ji ya kira sunanka. Kai dai ta tashi ta yi tahiya."

Dele ya ji wani abu na yi masa susa a zuciya, amma ya kasa kama ko mene ne. Ya juya maganar ta kowane gefe, kamar dai rak ɗin, duk inda ya kifa ta sai ta nuna masa wani wuri. Mota ai don tafiya aka yi ta. Wadda ba ta juyawa kuwa ba ta tafiya. Ya ce a kira Abbas mai walda.

Suka kewaye rumfar da zana, don wannan aiki ba ya yiwuwa da mutum a zaune. Abbas ya yanka, ya huda, ya toshe ramukan dama ya goge su sumul. Dele da kansa ya haɗa fenti, ruwan madara, irin launinta na asali da ya samu a cikin murfin but inda rana ba ta taɓa ba. Aka ɗinka sabon kushin. A kwanakin nan Baba ya rasa sukuni. In ya sha koko sai ya dogara sanda ya zo ya tsaya a jikin zana, ya bi ta da hannu yana neman ƙofa. Abinci ma sai da lallashi. "Malam, an rufe hanya," yake cewa. Dele ya ce masa gyara ake yi, ya kusa ƙarewa. Tausayi ya kama shi, amma har da ɗan daɗi a ciki, don yana ganin wannan kewar ce za ta sa ranar ta yi armashi.

Titilope ta iso ranar Juma'a mai tsarki, wadda ke gab da Ista, da yamma, Baba ya gaishe ta da "Sannu da zuwa, Hajiya." Ita kuwa ta juya ta dubi Dele. Asabar da hantsi aka fito da Baba tsakar gida, aka yi masa wanka, aka sa masa agbada, babbar rigar Yarbawa, da hularsa ta zuwa coci. Titilope ta zauna a kujera, hannu a harɗe. Na'Allah da Ifeoluwa suka kama zana suka janye.

Gaskiya motar ta yi kyau. Ko Titilope sai da ta dafe ƙirji ta kira sunan mahaifiyarsu. Dele ya shiga ta hagu, ya murza makulli. Inji ya kama bugu ɗaya, yana kiɗa a hankali, lafiya lau.

Baba ya ɗaga kai. Fuskarsa ta buɗe, ya saki sanda ta faɗi, ya taho da saurin da rabon a gan shi da shi tun matarsa na da rai. Dele ya ji hawaye na taruwa, ya ce a ransa, ga shi nan, ga shi nan zuwa. Baba ya zagayo ta dama, ya buɗe ƙofa, ya zauna, ya ɗaga hannu biyu.

Hannuwan suka tsaya a iska. Ya ɗan matsa da su gaba, ya laluba, ya taɓa ƙarfe mai santsi da sabon fenti. Ƙafarsa ta yi ta neman feda a kan shimfiɗar roba. Ya duba ƙasa, ya duba sama, ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya juyo ya ga mutum zaune a hagu riƙe da sitiyari, sai ya yi sauri ya tattara agbadarsa, kunya ta rufe shi.

"Yi haƙuri, Malam. Na ɗauka tawa ce."

"Taka ce, Baba. Ita ce. Ji injin, ji!" Dele ya taka totur, ya danna oda, ya sake dannawa. Ya juya harshe zuwa Yarbanci, ya ce Baba, ni ne, mun makara coci, mu tafi.

Baba ya toshe kunne ɗaya, ya fito, ya rufe ƙofar. Ya zagaya motar, ya leƙa bayan rumfa, ya leƙa bayan mangwaro, ya ɗaga zanar da aka jingine ya duba ƙarƙashinta. Na'Allah ya matso kusa da Dele yana raɗa cewa akwai wani tsohon sitiyari a gidansa, yanzun nan sai a ɗaura shi a dama da waya, ko ba ya juya komai. Ya ruga ya ɗauko, suka ɗaura, ya tsaya a karkace. Aka kamo hannun Baba, Baba ya ƙi matsowa. Ya ce shi ba ya shiga motar mutane.

Dele ya tsaya a tsakar gida, ya rasa inda zai sa kansa. Ya gyara duk abin da ya lalace, bai bar ko ƙusa ba, to a ina ya ɓata? Can ya tuno tsohon nan a kan bulo, ba taya ba rak, yana shan kwana yana ɗaga wa kaji hannu, sai ya gane inda ya ɓata. Titilope ba ta yi masa gori ba. Ta tashi tana share ido da bakin ɗankwali, ta ce wa Ifeoluwa a hankali su shiga su haɗa kayan.

Baba ya gama dubawa, ya dawo ya tsaya gaban Dele, yana haki. Ya kama hannunsa da hannu biyu, ya rage murya kamar mai roƙon alfarma.

"Malam, kai da alama mutumin kirki ne. Akwai ɗana a garin nan, Bamidele, mai shagon fenti. Don Allah in ka gan shi, ka ce masa an ɗauke motata. Shi zai nemo min ita. Ba ya wasa da abin da na ba shi tsaro."

"To, Baba," in ji Dele. "Zan gaya masa."

Ya zagaya ta hagu ya kashe injin.